Darasi: Enaiposha, Duniyar da Shekararta Ba Ta Kai Kwana Biyu Ba

Duk wanda ya tashi a gidan noma a ƙasar Faskari, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, ya ji dattawa suna lissafin shekara da taurari. Sai ka ji an ce Surayya ta shiga, ko an kama Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha, kuma da wannan ƙidaya ake kintatar lokacin shuka da lokacin da ruwa zai yi ƙarfi. Taurarin lissafin 28 ne, kowanne yana cin kwana 13, in ban da Jabha mai cin 14. In kun haɗa za ku sami kwana 365 cif. Mata da yara sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata, mai sammakon sallar asuba kuwa ya san Gamzaki. Ke nan duban sama ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A wannan darasi za mu yi nisa fiye da inda ido yake kaiwa. Za mu yi magana kan wata duniya da ke kewaya wani tauraro, ba ranarmu ba. Babu wanda ya taɓa ganinta, babu kuma wanda ya ɗauki hotonta, amma an san girmanta, an san nauyinta, an san zafin da ake yi a cikinta. Abin da ake so ku riƙe shi ne hanyar da aka bi aka san waɗannan abubuwa, domin ita ce za ta ba ku damar tantance labarin sararin samaniya in kun ji shi a rediyo ko an turo muku a waya.

Tauraro daban, duniya daban

Tauraro dunƙulen iska ne mai tsananin zafi, wanda ke ba da hasken kansa. Rana ma tauraro ce. Kusancinta da mu ne ya sa muke ganinta ƙatuwa. Duniya kuwa ba ta da hasken kanta, kewaya tauraro take yi, hasken da ya sauka a kanta shi take mayarwa. Duniyoyi takwas ne ke kewaya rana, tamu ita ce ta uku. Zara da muke gani da magariba da Gamzaki na asuba duk abu ɗaya ne, wato duniya ta biyu daga rana, wadda malamai ke kira Zuhura. Ko da yake mun saba kiranta tauraro, hasken rana ne take aro.

Huɗun da ke kusa da rana ƙanana ne, na dutse ne, akwai doron da za a taka. Huɗun da ke nesa manya ne, mafi yawan jikinsu iska ce da ruwa-ruwa. Ta ƙarshensu ita ce Naftun, mai nisan kilomita biliyan 4.5 daga rana, wadda sai ta yi shekara 165 kafin ta kewayo sau ɗaya. Yadda aka gano ta ma abin lura ne. Masana sun ga duniya ta bakwai, Uranus, tana ɗan kauce wa hanyar da lissafi ya nuna, kamar wani abu yana janta. Wani Bafaranshe, Urbain Le Verrier, ya zauna da alƙalami ya lissafa inda mai jan yake, ya aika wa masu madubin hangen nesa a Balin ta Jamus. A daren 23 ga Satumba, 1846, Johann Galle ya duba wurin, sai ga ta. Lissafi ne ya riga ido.

A nan ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Ilmin taurari da muke magana a kai awo ne da lissafi, irin wanda ake yi wajen fitar da lokutan salla da neman jinjirin wata. Ba shi da alaƙa da duba, ba ya faɗa wa kowa abin da zai same shi gobe.

Giɓin da ke tsakanin duniyarmu da Naftun

Faɗin Naftun ya kusa ninka na duniyarmu sau 4, nauyinta kuwa ya ninka sau 17. Tsakanin girman tamu da girman Naftun, rana ba ta da ko duniya ɗaya. Shekaru aru-aru ba wanda wannan giɓi ya dama, tun da babu wani gida da za a kwatanta namu da shi.

A 1995 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwizalan, Michel Mayor da Didier Queloz, suka gano duniya ta farko da ke kewaya wani tauraro mai kama da rana, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. A watan Maris na 2009 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba madubin hangen nesa mai suna Kepler, ya zura wa taurari kusan 150,000 ido ba ƙyaftawa. Kafin mansa ya ƙare a 2018, ya gano duniyoyi sama da 2,600. Zuwa watan Satumba na 2025, adadin duniyoyin da aka tabbatar a wajen gidan rana ya kai 6,000.

Da aka jera su bisa girma, sai aka ga abin mamaki: waɗanda suka fi yawa su ne masu girma tsakanin duniyarmu da Naftun, wato ainihin irin da ranarmu ba ta da shi. Ashe mu ne muka fita daban. A 2017 Benjamin Fulton da abokan aikinsa suka nuna cewa su ma waɗannan gida biyu ne. Akwai waɗanda faɗinsu bai wuce ninki ɗaya da rabi na duniyarmu ba, galibi dutse ne. Akwai kuma masu ninki 2 zuwa kusan 4, waɗanda iska mai kauri ta lulluɓe. Su ake kira ƙananan Naftun. Tsakanin gidajen biyu duniyoyi ba su da yawa. Bayanin da masana da dama suka karkata gare shi shi ne, duniyar da ta kusanci tauraronta sosai, kuma ba ta da nauyin da za ta riƙe iskarta, zafi yakan kwashe iskar a hankali har ya bar dutsen tsirara. Mai nauyi kuwa takan riƙe tata, ta zauna a kumbure.

Wadda aka fi bincika cikin ƙananan Naftun ita ce duniyar darasinmu, Enaiposha, wadda ke ɗauke da lamba GJ 1214 b. Haruffa biyu na farko farkon sunayen Jamusawa biyu ne, Gliese da Jahreiss, da suka tsara kundin taurarin da ke kusa da mu. 1214 lambar tauraron ce a kundin. Harafin b kuma yana nufin duniya ta farko da aka gano a wurinsa.

Yadda aka gano ta

Da yawa cikinku za su tuna hantsin Laraba, 29 ga Maris, 2006, lokacin da aka yi husufin rana, duhu ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi na ɗan lokaci. Abin da ya faru shi ne wata ya gitta tsakaninmu da rana ya tare haskenta. Irin wannan gittawa ake nema a wurin taurarin nesa. In duniya ta ratsa ta gaban tauraronta ta fuskar da muke kallo, sai haskensa ya ɗan ragu, in ta wuce ya dawo yadda yake. Ba a ganin ita duniyar, ragin hasken kawai ake aunawa.

Matsalar ita ce ragin ƙanƙane ne. Da wani zai kalli ranarmu daga nesa, duniyarmu ta gitta, hasken da zai ragu bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Wani malami a Jami'ar Harvard, David Charbonneau, ya yi dabara: maimakon a sa ido kan manyan taurari, a koma kan ƙanana, jajaye, masu dishi-dishi, domin in tauraro ƙarami ne, ko matsakaiciyar duniya za ta tare kaso mai kauri na haskensa. Ya kafa ƙananan madubai takwas a kan dutsen Hopkins a jihar Arizona, kowanne faɗin bakinsa santimita 40 kacal, irin wanda mai sha'awa da ɗan hali zai iya saya. Kwamfuta ce ke juya su, suna bin taurari ɗaya bayan ɗaya duk dare. Aikin ana kiransa MEarth.

A 2009 ɗaya daga cikin madubin ya ga hasken tauraro mai lamba 1214 ya ragu da kusan kashi 1.4 cikin 100, ya zauna haka kamar minti 50, sannan ya dawo. Sau ɗaya ba ya zama hujja; gajimare ma kan yi haka, na'ura ma kan yi tuntuɓe. Sai aka ci gaba da kallo, aka ga abin yana maimaituwa duk bayan awa 38, ba ya saɓawa. A watan Disamba na shekarar aka sanar da duniya.

Ku duba abin da aka tatsa daga wannan ɗan ragin haske. Tazarar da ke tsakanin gittawa da gittawa ita ce tsawon shekararta: awa 38, wato kwana ɗaya da awa 14. Daga tsawon shekarar da nauyin tauraron aka fitar da nisan da ke tsakaninsu, wajen kilomita miliyan 2, alhali tsakaninmu da rana miliyan 150 ne. Daga yawan hasken da ya ragu kuma aka fitar da girmanta. Faɗin tauraron wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na faɗin rana, don haka abin da zai tare kashi 1.4 cikin 100 na fuskarsa sai ya kasance faɗinsa ya ninka na duniyarmu sau 2.7.

Kada kusancin nan ya ruɗe ku. Da ranarmu ce a wannan tazara, da dutse ma ya narke. Amma wannan tauraro rarrauna ne, hasken da yake fitarwa bai kai kashi 1 cikin 200 na hasken rana ba.

Yadda aka auna nauyinta

Girma kaɗai ba ya faɗin abin da ke ciki. Ku je kasuwar Sheme ko ta 'Yankara, ku sami buhu biyu masu girma ɗaya, bakinsu a ɗinke, ɗaya na auduga ɗaya na masara. Ba sai kun kwance ba, da kun ɗaga kun san wane ne wane. Haka masana suke yi da duniyoyi: in sun sami girma, sai su nemi nauyi, su haɗa biyun su gane kayan ciki.

To, da wane sikeli? Kamar yadda tauraro ke jan duniyarsa, haka ita ma take jansa, gwargwadon nauyinta. Saboda haka tauraron ba ya tsayawa cak. Yana ɗan rangaji, ya matso wajenmu, ya ja baya, daidai da kewayawarta. In yana matsowa, launin haskensa yakan ɗan karkata zuwa shuɗi, in yana ja da baya ya karkata zuwa ja. Akwai wata na'ura mai suna HARPS a kan wani dutse a ƙasar Chile, wadda aikinta ke nan, auna wannan karkata. Ta nuna tauraron yana kai-komo da saurin mita goma sha wani abu a daƙiƙa. Awon farko ya ba da nauyin da ya ninka na duniyarmu sau shida da rabi. Da aka ƙara tara awo aka kuma gyara nisan tauraron, sai aka tsaya a kan wajen sau 8. Gyara irin wannan ba abin kunya ba ne a kimiyya, haka aikin yake tafiya.

Yanzu ku ɗauki alƙalami. In faɗin abu mai siffar ƙwallo ya ninka na wani sau 2.7, cikinsa zai ninka sau 2.7 × 2.7 × 2.7, wato kusan 20. Ke nan za a iya zuba duniyarmu 20 a cikinta. Da kayan cikinsu iri ɗaya ne, da nauyinta ma ya ninka aƙalla sau 20. Amma sau 8 ne kawai. In aka ɗebi lita ɗaya ta ruwa, kilo 1 ce. Lita ɗaya ta duniyarmu, in an gauraya dutsenta da ƙarfen cikinta, kilo 5.5 ce. Ta Naftun kilo 1.6. Ta wannan duniya kuwa wajen kilo 2.2. Ta fi ƙarfin a ce iska ce zalla, ba ta kuma kai a ce dutse ce zalla ba.

A nan lissafi ya tsaya, domin hanya ta rabu biyu. Tana iya zama dunƙulen dutse da ƙarfe wanda iska marar nauyi, haidirojin da hiliyom, ta lulluɓe da kauri. Tana kuma iya zama duniyar da kaso mai yawa na jikinta ruwa ne, da tururi a samansa. Duka biyun za su ba da kilo 2.2 ɗin nan. Ba abin da zai raba gardama sai a leƙa iskar kanta.

Hazon da ya hana gani

Akwai hanyar leƙawa. Lokacin da duniyar ke gittawa, wani ɗan kaso na hasken tauraron yakan ratso ta cikin iskar da ke gefenta kafin ya iso mana. Hasken da muke gani fari haɗin launuka ne, su ne muke gani a bakan gizo. Kowace irin iska tana da launukan da take shanyewa: na tururin ruwa daban, na sauran daban. In aka warware hasken launi-launi, aka ga inda ya yi giɓi, sai a san iskar da ya ratso.

Aka gwada da manyan madubai na ƙasa, ba a ga komai ba. Aka juya madubin Hubble da ke shawagi a sama. A farkon 2014 Laura Kreidberg, tana ɗaliba a Jami'ar Chicago a lokacin, ta fitar da sakamakon awo mai kyau ƙwarai, wanda da akwai alamar tururi a fili da ya nuna ta. Babu giɓi ko ɗaya, duk launukan sun ragu daidai wa daida. Ma'anar haka ita ce akwai gajimare ko hazo can sama, mai kaurin da haske ba ya ratsa shi. Hazon ba na ƙura ba ne. Ana ganin hasken tauraron ne ke dafa iskar sama, ta rikiɗe ta zama ƙananan ɓurɓushi masu shawagi. Fiye da shekara goma wannan lulluɓi ya gagari masana.

Ranar 25 ga Disamba, 2021, aka harba madubin James Webb daga Kourou a Kudancin Amurka. Faɗin madubinsa mita 6.5, yana zaune kilomita miliyan 1.5 daga nan, kuma an ƙera shi don ya ga hasken zafi, irin wanda ido ba ya gani amma fata tana jinsa in an kusanci garwashi. A watan Yuli na 2022 ayarin Eliza Kempton ta Jami'ar Maryland suka sauya salo. Tun da haske ba ya ratsa hazon, sai suka auna zafin da duniyar take fitarwa da kanta. Suka kafa wa tauraron ido wajen awa 40 a jere, har duniyar ta yi kewaye guda cikakke.

Ga hikimar. Duniyar da ta kusanci tauraronta haka ana sa ran fuska ɗaya take ba shi kullum, kamar yadda wata yake ba mu fuska ɗaya. Ɓangare ɗaya rana ce ba faɗuwa, ɗayan dare ne ba wayewa. In tana gabansa, bayanta mai duhu muke fuskanta. In ta kusa ɓuya a bayansa, fuskarta mai rana muke fuskanta. In ta ɓuya gaba ɗaya, zafin tauraron kaɗai ya rage. Ana ɗebe wannan daga wancan, sai a sami nata.

Sakamakon ya fito a watan Mayu na 2023. Ɓangaren rana yana da zafin digiri kusan 280 a ma'aunin Salshiyos, ɓangaren dare kusan 165. Ku tuna ruwa yana tafasa a digiri 100, zafin bazararmu da muke kuka da shi kuwa arba'in da 'yan kai ne. Duk da haka ba ta kai zafin da aka zata ba, domin hazon nata mai ƙyalli ne, yana mayar da kusan rabin hasken da ya sauka a kansa; duniyarmu kashi uku cikin goma take mayarwa.

Bambancin da ke tsakanin dare da rana shi ya fi ba da haske kan tambayarmu. Iska marar nauyi irin haidirojin takan kwashi zafi ta zagaya da shi da sauri, har dare da rana su kusa zama ɗaya. Tazarar da ta haura digiri 100 tana nuna iskar tana da nauyi, akwai abubuwa irin tururin ruwa ko iskar metan da yawa a ciki. Metan ita ce iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓen kashin shanu. A ƙarshen 2024 da farkon 2025 wasu masana, Everett Schlawin na Arizona da Kazumasa Ohno na Japan, suka ce sun hango alamar kabon dayoksaid, iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda ita ce ta cika sararin Zuhura. Su da kansu suka ce alamar rarrauna ce, sai an ƙara awo. A wurina wannan ita ce maganar masanin ƙwarai: ya faɗi abin da ya gani, ya kuma faɗi iyakar ƙarfinsa.

Labarin da ya zagaya a waya

Akwai wata ƙaramar Naftun da ta fi wannan yin suna a kafafen labarai, K2-18 b, wadda Kepler ya gano a 2015. Girmansu da nauyinsu kusan ɗaya ne, amma ita shekararta kwana 33 ce, ta fi nesa da tauraronta, don haka ba ta da zafi sosai, iskarta kuma ta fi barin haske ya ratsa. A 2023 James Webb ya ga metan a cikinta ƙarara. A watan Afrilu na 2025 ayarin Nikku Madhusudhan na Jami'ar Kambirij a Ingila suka ce sun ga alamar wata iska wadda a duniyarmu ƙananan halittun teku ne suka fi samar da ita. Kafin a ce kwabo, labari ya zama wai an gano masu rai a wata duniya. Cikin 'yan makonni wasu masana suka sake duba awon nan, suka ce alamar ba ta kai ƙarfin da za a kafa hujja da ita ba, kuma wasu iskoki daban za su iya ba da irinta. Har yau ba a tabbatar da rai a ko'ina ba sai a wannan duniya tamu.

In irin wannan labari ya zo muku, tambaya uku sun isa: me aka auna, da wace na'ura, kuma wasu sun sake aunawa sun sami abu ɗaya?

Sunanta, nisanta, da inda take

Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ce ke da alhakin raɗa suna a sama, kuma lokaci-lokaci takan buɗe gasa ga ƙasashe. A 2019 Nijeriya ta raɗa wa wani tauraro suna Amadioha, daga al'adun Ibo, ƙatuwar duniyar da ke kewaya shi kuma Equiano, don tunawa da Olaudah Equiano, marubucin ƙarni na 18 da ya ɗanɗana bauta ya kuma yaƙi cinikin bayi. A gasar da aka bayyana sakamakonta a watan Yuni na 2023, wani ayari daga Kenya ne ya ci damar raɗa wa GJ 1214 suna. Suka ɗauko suna daga harshen Masai: tauraron Orkaria, duniyar kuma Enaiposha. Malaman kimiyya na makarantunmu da na jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma su riƙa sa kunne. Gasar ba ta neman kuɗi ko madubi, suna mai ma'ana take nema da bayani mai kyau.

Nisan taurari ya fi ƙarfin kilomita, don haka da tafiyar haske ake auna shi. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi. Daga Orkaria kuwa shekara 48. Hasken da James Webb ya kama a 2022 ya baro can ne wajen 1974, Janar Yakubu Gowon yana mulki, naira da kwabo ba su daɗe da fitowa ba, Faskari tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, saura shekara 13 a ƙirƙiro Jihar Katsina. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa, da can ya nufa, sai ya yi shekara sama da 800,000 a hanya. Kuma a ma'aunin taurari wannan maƙwabciya ce. K2-18 b tafiyar haske ce ta shekara 124.

Ido ba ya ganin Orkaria, ko a daren da ya fi kowane duhu, sai da madubi mai ƙarfi. Amma kuna iya sanin wurin. A watan Yuli, in sama ta washe bayan ruwa, ku tsaya a tsakar gida wajen ƙarfe goma na dare, ba sai an fita bayan gari ba. Ku fuskanci kudu, za ku ga jerin taurari masu lanƙwasa kamar kunama ta ɗaga ƙari, da wani ja mai haske a ƙirjinta. Shi ne Ƙalbu na cikin taurarin lissafi 28. Daga nan ku ɗaga kai sama har kusan tsakar ka. A wannan fili Orkaria yake.

Aiki

Ku amsa waɗannan a littafinku, sannan ku tattauna da na kusa da ku.

1. Mene ne bambancin tauraro da duniya? Zara a wane gida take?

2. Shekarar Enaiposha awa 38 ce, mako ɗaya kuma awa 168 ne. Cikakkun shekaru nawa take yi daga Juma'a zuwa Juma'a?

3. A shekararmu ɗaya tana kewaya tauraronta wajen sau 231. Kowa ya lissafa shekarunsa da ƙidayar can.

4. Ku bayyana da bakinku dalilin da ya sa aka ce ba dutse ce zalla ba.

Aiki na ƙarshe na gida ne. Da dare ku jingina tocila a kan kujera ta haska bango, ku ɗaura ƙwallon goruba a zare, wani yaro ya riƙa gittar da shi ta gaban gilashin a hankali, ku lura da yadda hasken bangon ke raguwa yana dawowa. Ku sake gwadawa da ƙwayar gyaɗa. A zama na gaba kowa zai faɗa wa aji wanne ya fi rage hasken, da abin da hakan ke nunawa game da girman abin da ya gitta.